Tsabtace Ruwan Rijiya a Yankunan da Ƙasa ke Ɗauke da Gubar Arsenik

Ruwan rijiya yana cutar da mai shan sa ta hanyoyi biyu da ba su haɗa hanya ba. Ta farko ita ce ƙwayoyin cuta masu kawo gudawa da kwalara da taifot. Waɗannan halittu ne masu rai, kuma yawanci daga sama suke shiga: daga masai da aka haƙa kusa da rijiya, daga kashin dabbobi da ruwan sama ya koro, daga guga da igiyar da ake yarwa a ƙasa. Ta biyu ita ce sinadaran da ke cikin duwatsu da yashin ƙarƙashin ƙasa, waɗanda ke narkewa su shiga ruwa tun kafin a jawo shi. Arsenik na cikin mafi muninsu. Tafasa ruwa da zuba masa kulorin suna kashe abin da ke da rai. Arsenik kuwa ba shi da rai balle a kashe shi, sai dai a cire shi ko a sauya rijiya. Duk wanda ya haɗa waɗannan ayyuka biyu ya ɗauke su abu guda, zai iya shekara goma yana shan guba alhali yana ganin ya tsabtace ruwansa.

Mene ne arsenik, kuma me yake yi wa jiki

Arsenik sinadari ne da ke cikin ƙasa tun asali, ba sai wani kamfani ya zubar da shi ba. Idan ya narke cikin ruwa ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano. Ruwan yakan fito garau, da sanyi, da daɗin sha.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a maikurogiram 10 cikin kowace lita ta ruwan sha, tun 1993. Kafin nan iyakar 50 ce, kuma har yanzu da 50 ɗin Bangaladash ke aiki. Domin a gane ƙanƙantar wannan awo: maikurogiram 10 a lita daidai yake da giram ɗaya tak da aka narkar cikin jarka 5,000 masu cin lita 20.

Illarsa a hankali take zuwa. Alamun farko sukan bayyana a fata bayan shekara biyar ko fiye: baƙaƙen tabo da farare a ƙirji da baya, sai kanta mai tauri kamar tsakuwa a tafin hannu da tafin ƙafa. Daga baya ne ake samun ciwon daji na fata da na mafitsara da na huhu, da cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini, da ciwon sukari. A kudu maso yammacin Taiwan an daɗe da sanin wata cuta da ke toshe jinin ƙafa har ta yi baƙi ta ruɓe, wadda aka danganta da ruwan rijiyoyin yankin. Yana kuma taɓa ɗan tayi a ciki, yana rage kaifin ƙwaƙwalwar yara. Da yawa daga masu shan sa ba sa nuna komai a fata, don haka lafiyar fatar mutanen gari ba shaida ba ce a kan lafiyar rijiyarsu. Cutar ba a ɗaukar ta daga wani, ko da yake a ƙauyukan Bengal an sha ɗaukar ta a matsayin kuturta, an guji masu ita, an saki mata saboda ita.

Yadda aka gudu daga wata cuta aka faɗa wata

Babu inda wannan al'amari ya yi girma kamar Bangaladash da jihar Bengal ta Yamma a Indiya. A da mutanen karkara a can daga tafki da kogi suke sha, gudawa da kwalara na kashe yara da yawa kowace shekara. Daga shekarun 1970 gwamnati da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, suka dage da haƙa rijiyoyin burtsatse marasa zurfi masu fanfon hannu. Jama'a suka ga amfaninsu, suka ci gaba da haƙa nasu da kuɗinsu har suka kai miliyoyi. Niyyar mai kyau ce, ruwan kuma ya fi na tafki tsabta nesa ba kusa ba. Sai dai ba a gwada shi a kan arsenik ba, domin ba a yi zaton akwai shi a irin wannan ƙasa ba.

A 1983 wani likitan fata a Kalkata, Dakta K. C. Saha, ya gano cewa tabon da marasa lafiya ke zuwa da shi daga ruwan fanfo yake. A Bangaladash sai 1993 aka tabbatar da shi a rijiyoyin gundumar Chapai Nawabganj. Hukumar binciken ƙasa ta Biritaniya tare da sashen ruwa na gwamnatin ƙasar suka gwada rijiyoyi fiye da 3,500, suka fitar da rahoto a 2001: kashi 27 cikin 100 na rijiyoyin da ba su kai zurfin mita 150 ba sun haura 50, kashi 46 kuma sun haura 10. An ƙiyasta mutum miliyan 35 na shan ruwan da ya wuce iyakar ƙasar. Wani bincike da aka yi a kan mutum kusan 12,000 a yankin Araihazar, aka buga a mujallar Lancet a 2010, ya danganta kusan mutuwa ɗaya cikin biyar a tsakaninsu da arsenik.

Asalinsa yashi da laka ne da kogunan Ganges da Brahmaputra suka kwaso daga duwatsun Himalaya cikin dubban shekaru. Arsenik yana manne da tsatsar ƙarfe da ke lulluɓe da ƙwayoyin yashin. A can ƙasa inda iska ba ta kaiwa, ƙananan halittu masu cin ruɓaɓɓun tsirrai suna narkar da tsatsar, sai ta saki abin da ta riƙe. Shi ya sa buɗaɗɗiyar rijiya ta guga, wadda iska ke shiga, takan zama da ƙarancin arsenik amma cike da ƙwayoyin cuta, burtsatse mai matsakaicin zurfi kuma ta zama akasin haka. Rijiyoyin da suka zarce mita 150 yawancinsu sun tsira daga duka biyun.

Daga shekarar 2000 aka gwada rijiyoyi kusan miliyan 5, ana shafa wa bakin fanfo jan fenti idan ya haura iyaka, kore idan bai haura ba. A nan aka sake koyon wani darasi mai ɗaci. Wasu iyalai da aka ce musu su bar jan fanfo sun koma tafki, ko sun koma ɗebo ruwa daga nesa suna ajiye shi kwana da kwanaki a gida, inda yake gurɓata. Wani bincike a yankin Barisal ya nuna mutuwar yara ta ƙaru a gidajen da suka bar fanfonsu na kusa. Arsenik yana kisa cikin shekaru, gudawa kuwa cikin kwana biyu take ɗauke jariri. Saboda haka ba daidai ba ne a hana mutane rijiya ba tare da an nuna musu inda za su sha ba.

A Afirka ta Yamma

Akwai shi a nan kusa, amma ta wata hanya dabam. A arewacin Burkina Faso, a lardin Yatenga kewayen Wahiguya, wani bincike da aka buga a 2007 ya samu rijiyar burtsatse mai maikurogiram 1,630 a lita, wato ninki 160 da ɗoriya na iyakar Hukumar Lafiya, an kuma ga mutane da alamun fata. A can arsenik yana cikin duwatsun da ke ɗauke da zinariya, haɗe da ƙarfe da farar wuta. Haka abin yake a kewayen Obuasi a Gana, inda aka daɗe ana haƙar zinariya. Irin waɗannan duwatsu sun miƙe har yankin Liptako a yammacin Nijar. Duk garin da ake haƙar zinariya kusa da shi, gwada burtsatsensa wajibi ne kafin a saki jiki da shi. Mutanen Tibiri ta jihar Maraɗi sun san yadda ruwa garau daga ƙasa ke iya ɓoye cuta, ko da yake nasu sinadarin fuloraid ne ya lanƙwasa ƙasusuwan yara, ba arsenik ba.

Abin da tafasa da kulorin ke iya yi, da abin da ba sa iya yi

Idan ruwa ya tafasa yana ɓararraka na minti ɗaya, ƙwayoyin cuta sun mutu. Amma abin da ke tashi tururi ruwa ne zalla, arsenik yana nan cikin tukunya. Lita 10 mai maikurogiram 100 a kowace lita, idan ta ƙone ta koma lita 8, ta zama mai 125. Haka shayi da koko da miya da aka yi da wannan ruwa. Shinkafa ta fi komai shan sa, domin takan tsotse ruwan dahuwa gaba ɗaya. Ruwan girki, ke nan, hukuncinsa ɗaya da na sha.

Kulorin shi ne abin da ke cikin ruwan jabel da ƙwayoyin Aquatabs da farin garin da ma'aikatan ruwa ke kira HTH. Ga ruwa garau, ana sa ɗigo biyu na jabel marar turare mai ƙarfin kashi 5 zuwa 6 cikin 100 a kowace lita, a motsa, a rufe, a jira minti 30. Jabel na kasuwa ƙarfinsa ya bambanta, yana kuma raguwa idan ya daɗe cikin zafi, don haka a duba rubutun jikin kwalba. Ƙwayar Aquatabs mai miligiram 67 ta jarka ɗaya ce mai lita 20. Idan ruwan ya yi gurɓi, a bar shi ya kwanta a tace da ƙyalle mai tsabta tukuna, domin laka tana cinye kulorin tana kuma ɓoye ƙwayoyin cuta. Abin da ake nema shi ne bayan minti 30 a samu saura tsakanin miligiram 0.2 da 0.5 a lita; a hanci, ɗan wari ne kaɗan da ake ji da ƙyar.

Kulorin ba ya rage ko ɗigo na arsenik. Amma yana yin wani aiki da ya kamata ɗalibai su sani. Arsenik a ruwa yana zuwa a siffa biyu, wadda masana ke kira ta uku da ta biyar. Ta ukun, wadda ta fi yawa a ruwan da bai sha iska ba, tana da wuyar kamawa. Kulorin yana juya ta ta koma ta biyar cikin ɗan lokaci, ita kuwa wannan tana manne wa tsatsa da alif da sauƙi. Wato kulorin yana share wa matata hanya, amma ba ya tsaya mata.

Wanke rijiyar kanta

Ana yin wannan bayan an gama haƙa, bayan gyaran fanfo, bayan ambaliya, ko idan dabba ta faɗa ta mutu. Da fari a yashe rijiya, a kwashe laka da shara, a gyara tsagar bango da daɓen baki, a goge bangon da ruwan kulorin. Sannan a auna yawan ruwan. Rijiya mai faɗin mita ɗaya tana ɗauke da lita 785 a kowace mita ta zurfin ruwa, don haka idan ruwan ya kai mita 3, lita 2,350 ke nan ko kusa. Domin a kai ƙarfin miligiram 50 a lita, ana bukatar kusan giram 75 na HTH ga kowace lita 1,000, wato kimanin giram 175 ga wannan rijiya. A narkar da shi a bokiti, ba a watsa garin kai tsaye ba, a zuba, a motsa da guga, a rufe. Bayan lokacin jira a kwashe ruwan a zubar nesa da shuka da tafkin kifi, har sai warin ya tafi. Kada kowa ya shiga rijiya bayan an zuba kulorin, kada kuma a haɗa shi da ruwan batir ko wani abin wanki, domin hayaƙin da ke tashi yana kisa.

Wannan wanki na lokaci ɗaya ne. Ruwa sabo na ɓulɓulowa, kulorin ya tafi cikin kwanaki kaɗan, idan masai na nan kusa kuma ƙwayoyin cuta su dawo.

A yankin arsenik akwai ƙarin hattara. A jihar Wisconsin ta Amurka, musamman gundumomin Outagamie da Winnebago, an gano arsenik a rijiyoyin gidaje a 1987. Nasu yana cikin wani shimfiɗaɗɗen dutse mai farar wuta, kuma duk abin da ya ci wannan dutse, iska ce ko kulorin mai ƙarfi, yana iya sakin arsenik cikin ruwa. Kulorin yana kuma ɓamɓaro tsatsar da ta taru a jikin bututu, wadda ta shekara tana tara guba. Shi ya sa hukumar albarkatun ƙasa ta jihar ta fitar da shawara ta musamman ga waɗannan yankuna: a rage ƙarfin kulorin, a gajarta zamansa cikin rijiya, a kuma janye ruwan sosai bayan an gama. Tunda duwatsun Yatenga da na Obuasi ma masu farar wuta ne, hankali ya ba da cewa a bi irin wannan taka-tsantsan a can. Al'adar nan ta a zuba da yawa don a tabbata ba ta da kyau a irin wannan ƙasa. Kuma duk wanda zai gwada arsenik, kada ya ɗebi ruwan gwaji washegarin wanki. Ya bari a yi kwanaki ana jan ruwan, in ba haka ba sakamakon zai ruɗe shi.

Hanyoyin rage arsenik

Mafi sauƙi kuma mafi inganci ita ce sauya rijiya. Arsenik ba ya bazuwa daidai wa daida: rijiya biyu a unguwa ɗaya, ɗaya ta yi 300 ɗaya ta yi 5. A Araihazar an samu kusan kashi 90 cikin 100 na mutane suna zaune ƙasa da mita 100 daga wata rijiya mai lafiya. Abin da ya rage shi ne mai ita ya yarda maƙwabta su ɗiba. Sai haƙa burtsatse mai zurfi na gari inda ƙasa ta ba da haka, da tara ruwan sama daga rufin kwano, wanda ba shi da arsenik amma yana bukatar a zubar da ruwan farko da ya wanke rufin, a rufe tanki, a sa kulorin.

Idan babu wata rijiya, sai matata, kuma kusan dukkansu da ƙarfe suke aiki. Matatar Sono, wadda Farfesa Abul Hussam, ɗan Bangaladash mai koyarwa a Jami'ar George Mason, ya ƙera tare da abokan aikinsa a Kushtia, bokiti biyu ne ɗaya bisa ɗaya: na sama da yashi da wani haɗin ɓarɓashin ƙarfe, na ƙasa da yashi da gawayi da fasassun bulo. Ta ci kyautar dala miliyan ɗaya daga cibiyar injiniyoyi ta ƙasar Amurka a 2007. A Nepal akwai matatar Kanchan, inda ruwa ke bi ta kan ƙusoshi masu tsatsa kafin ya ratsa yashi. Akwai kuma hanyar bokiti, inda ake sa alif, wanda wasu ke kira alam, tare da sinadarin da ke juya siffar arsenik, a motsa, a bari ya kwanta, a tace. Ruwan da ke da ƙarfe da yawa, irin mai yin ja idan ya kwana, yana rage wani kaso da kansa in an bar shi a buɗe ya sha iska, amma wannan ragi bai isa a dogara da shi ba.

Ba a yarda da matata don sunanta. Kanchan ta yi aiki a Nepal, amma da aka gwada ta a Kambodiya ba ta yi kyau ba, saboda ruwan can yana da wasu sinadarai da ke rige arsenik manne wa tsatsa. Matatar tukwanen yumɓu da ta ƙyalle da ta gawayi zalla, waɗanda aka saba gani, ba a yi su don arsenik ba. Ita ma matatar ƙarfe tana iya zama gidan ƙwayoyin cuta idan ana taɓa yashinta da hannu, shi ya sa ake zuba mata tafasasshen ruwa lokaci zuwa lokaci. Tsarin da ya fi dacewa shi ne a tace tukuna, sannan a sa kulorin a ruwan da ya fito, domin gawayi yana shanye kulorin da aka sa tun farko. A adana a jarka mai murfi ko randa mai ƙaramin baki, ba wadda kowa ke tsoma moɗa ba. Jan dattin da aka kwashe daga matata guba ce tattararriya. A binne shi nesa da rijiya da gonar kayan miya, inda yara da kaji ba sa tonowa.

Rijiyar masallaci da ta makaranta

Arsenik ba ya ratsa fata sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Saboda haka ruwan rijiyar da aka shafa wa jan fenti ana wanka da shi, ana wanki, ana alwala, a dai tofar da na kurkurar baki. Bai kamata a toshe irin wannan rijiya ba, domin tana rage wa mai lafiyar nauyi. Wajen sha ne da girki aka raba su. A fiƙihu ana duba launi da ɗanɗano da wari wajen hukunta tsarkin ruwa, arsenik kuwa ba ya sauya ko ɗaya daga cikinsu. Ruwa yana iya inganta ga ibada amma ya cutar da ciki. Inda almajirai da ɗaliban kwana ke sha daga fanfo ɗaya shekara da shekaru, a nan aka fi bukatar gwaji.

Gwajin ba shi da wuya. Kayan gwaji na hannu kwalba ce da ake zuba wa ruwa da garin sinadari biyu, a rufe da wata 'yar takarda a murfi. Bayan minti 20 ko fiye takardar takan rine daga fari zuwa rawaya ko ƙasa-ƙasa, a gwada launin da jadawalin da ke cikin kwali. A fili ake yin sa, domin iskar da ke tashi cikin kwalbar guba ce. Idan sakamakon ya faɗo kusa da iyaka, a aika ruwan ɗakin gwaje-gwaje na hukumar ruwa ko na jami'a. Gwajin ƙwayoyin cuta dabam yake, da kwalbarsa dabam, kuma wanda ya biya kuɗin ɗaya kada ya ɗauka an yi masa ɗayan.

Kwamitin da zai ba da kwangilar burtsatse, ko mai sadaka da zai haƙa wa gari, ya sa sharaɗi a rubuce cewa ba za a biya kason ƙarshe ba sai an kawo takardar gwajin arsenik da fuloraid da ƙwayoyin cuta. A rubuta zurfin rijiyar da ranar gwaji da sakamakonsa a littafin kwamiti. A Bangaladash fenti ya goge a fanfuna da yawa cikin 'yan shekaru, an kuma haƙa miliyoyin sababbi da ba wanda ya gwada su, har ƙungiyar Human Rights Watch ta ruwaito a 2016 cewa mutum kusan miliyan 20 na nan suna shan ruwan da ya haura iyakar ƙasar. Don haka a riƙa sabunta fentin, a kuma maimaita gwajin duk lokacin da aka ƙara wa rijiya zurfi, ko aka sa mata injin da ke jan ruwa fiye da na da.